Ta ce za ta mayar mini da jaka daga Faransa, wa zai biya kuɗin hanya?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ni ɗan Marwa ne, ina sayar da kayan dukawa a wata kasuwar intanet, jakunkuna da takalma da alabe, yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Watan jiya wata mata a Liyon ta sayi jaka yuro 80, ta biya yuro 35 na aikawa. Jakar ta tsaya mini sefa 18,000 a hannun baduku. Kwana shida da karɓarta sai ga saƙo, wai jakar tana wari, kuma jan bai kai na hoto haske ba, tana son kuɗinta, in ba ta adireshin da za ta mayar. Ni kuwa na rubuta a shagona cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. In ƙi ne ko in karɓa? In na karɓa, wa zai biya kuɗin hanya?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi wa nema albarka. Duk wanda ya daɗe yana aika kaya ƙetare ya taɓa wayar gari da irin wannan saƙo, kuma na farko shi ya fi ɗaga hankali: kuɗi sun shigo, an sallami baduku, wataƙila ma an ci ribar, sai a ce ciniki ya warware. Ni da takalma da tumtum na fara daga nan Garwa, kafin nan kuma na yi shekaru ina yi wa wani tiranzite, mai fitar wa mutane kaya daga hannun kwastan, aiki a Duwala. Na ga kaya suna fita, na kuma ga irin wuyar da suke sha in sun juyo.

Tambaya biyu ka yi, ko kana da ikon ƙi da kuma wa zai biya hanya. Akwai ta uku da ba ka yi ba, ita ce babba: jakar nan ina za ta? Mayar wa mutum kuɗinsa daban, dawo da kaya Marwa daban. Mu mun saba haɗa su don a kasuwarmu hannu da hannu ake yi, ka miƙo kaya a miƙo maka kuɗi. Kayan da suka haye teku kuwa, mafi yawan lokaci hasarar dawowarsu gida ta fi ta barinsu can.

"Ba a mayarwa" ba ta aiki a can

Mu fara da rubutun da ka dogara da shi. A Tarayyar Turai akwai doka ta 2011, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2014, da ta ba duk wanda ya sayi abu daga nesa kwana 14 daga ranar da ya karɓa ya fasa ciniki, ba sai ya faɗi dalili ba. Ba sai kayan suna da aibi ba. Ta duba ta ga bai kwanta mata ba, shi ke nan. Ingila ma tana da irinta, ita ma kwana 14. Matar nan ta yi magana a kwana na shida, ka ga tana cikin wa'adi. Mai sayarwa zai mayar da kuɗin kaya har da kuɗin aikawa na farko, wato a wurinka yuro 115 ke nan ba 80 ba, sefa 75,400 da ɗoriya, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Yana da ikon riƙe kuɗin har sai kaya sun iso ko an nuna masa shaidar an aiko su.

Kuɗin mayarwa fa? Dokar ta ɗora wa mai saye, amma da sharaɗin an gaya masa tun kafin ya saya. In ba a gaya masa ba, sai su koma wuyan mai sayarwa. In ma ba a sanar da shi yana da ikon fasawa ba, kwana 14 ɗin nan sai a ƙara musu wata 12. Ka ga abin da rubutunka ya jawo: da ka rubuta "ana mayarwa cikin kwana 14, kuɗin hanya na mai saye ne", da kuɗin hanya ba su hau kanka ba in ra'ayi kawai ta sauya. Da ka rubuta "ba a mayarwa", ba ka hana ta mayarwa ba, kuma ka rasa kariyar da dokar ta ba ka. Garin neman gira aka rasa ido.

Za ka ce ai kai a Marwa kake, wace kotun Faransa za ta biyo ka kan jaka ɗaya? Gaskiya ne, ba wadda za ta zo. Ba ta ma bukatar zuwa, don kuɗinka a hannun masu kasuwar suke bi, su kuwa ba sa wasa da dokar inda masu sayensu suke. A eBay mai saye yana da kwana 30 bayan karɓa ya ce kaya ba kamar yadda aka siffanta ba ne, kai kuma kwana 3 na aiki gare ka ka amsa, in ka yi shiru su yanke hukunci, kuma a irin wannan ƙorafi kuɗin mayarwa na mai sayarwa ne ko da ya rubuta ba ya karɓar kaya. PayPal, hanyar biyan kuɗi ta intanet, ita ma tana ba mai saye wa'adin shigar da ƙorafi. Wanda ya biya da kati yana iya zuwa bankinsa a janye kuɗin bayan watanni. Amazon ta fito fili ta gaya wa mai sayarwa daga wata ƙasa: ko ka ba da adireshi a ƙasar mai saye, ko ka biya kuɗin dawowa, ko ka mayar da kuɗi ka bar kayan. Ba ka faɗi kasuwar da kake ba, kuma suna yawan sauya ƙa'idojinsu, don haka yau ɗin nan ka buɗe shafin ƙa'idar taka ka ga kwana nawa gare ka. Amma duk wadda na yi hulɗa da ita, mai shiru shi ke faɗuwa.

Ka lura da kalamanta kuma. Ba ta ce "na fasa" kawai ba, ta ce launi ya saɓa wa hoto, kuma akwai wari. Wannan shi ne ƙorafin "ba kamar yadda aka siffanta ba", kuma in ba ka ambaci warin jima a bayanin jakar ba, ita za a ba gaskiya. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamai sun karantar da mu cewa mai saye yana da zaɓi in ya tarar da aibin da ba a bayyana masa ba, kuma an kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya karɓi kaya daga wanda ya yi nadamar saye. Bambancin kawai, a nan aibin a idon mai saye ake auna shi. Warin bagaruwa da kai ba ka ma jinsa, wanda a wurin ɗan Marwa shi ne shaidar fata ta gaske ce, a ɗakin da aka rufe tagogi aka kunna na'urar ɗumama ɗaki shi ne zai cika gida.

Amurka daban ce, babu dokar ƙasa da ta tilasta karɓar kaya don mutum ya sauya ra'ayi, abin da ka rubuta a shago shi ake bi. Amma ƙorafin saɓawa da bayani yana nan ko a can.

Zauna ka yi lissafi

Kuskuren da na yi a farko, kuma nake ganin yara suna yi, shi ne ɗaukar jakar a matsayin kayan sefa 52,500. A'a. Wannan kuɗin da ta yi a Liyon ne. A wurinka jakar ta 18,000 ce, don gobe in ka je wurin badukunka da 18,000 zai ɗinka maka wata sabuwa dal. Duk abin da za ka kashe wajen dawo da ita, da 18,000 za ka gwada shi.

In ka mayar da kuɗi duka ka bar mata jakar, ka yi hasarar 18,000 na jaka da kusan 23,000 da ka riga ka biya na aikawa, 41,000 ke nan. In ka ce sai ta dawo, 23,000 ɗin nan ta tafi ko ta yaya, sannan ga kuɗin juyowa. Mu ɗauka yuro 40 ne, sefa 26,200. Ka ga 49,000 da 'yan kai ke nan, ko da jakar ta iso lafiya kuma ba wanda ya tambaye ka ko dala. To ai ana tambaya. A ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya da Kamaru ke ciki, a shekarar 2025 kayan da aka gama ƙerawa, irin su jaka da takalmi, suna rukunin harajin duwan, wato kwastan, na kashi 30 cikin 100, sannan a ɗora TVA, harajin da ake ɗorawa a kan ciniki, wadda a Kamaru kashi 19.25 ce. Kuma ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafawa ba, har da kuɗin dako. TVA a kan jimla take hawa bayan an sa harajin farko, sai abin ya tashi kusan kashi 55. A jakarka, 52,500 da 26,200 sun ba da 78,700, kashi 55 nasu ya haura 43,000. Ka biya 43,000 don ka fanshi jakar da aka ɗinka a bayan gidanku da 18,000.

Ba da ka nake faɗa ba. Shekarun baya wani Bajamushe ya mayar mini da takalma ƙafa biyu, sun yi masa kaɗan. Mutumin kirki ne, shi ya biya hanya ma. Sai dai a takardar duwan ya sa alama a gurbin kyauta, yana ganin taimakona ya yi, ya rubuta cikakken kuɗin da ya saya, bai sa lambar wayata ba. Kolin ya sauka Duwala cikin damina ya kwanta. Ni ina Garwa ban sani ba, sai da na gaji da jira na roƙi wani tsohon abokin aiki ya bi sawu. A idon ma'aikaci waɗannan takalman Jamus ne suke shigowa Kamaru, kuma ba laifinsa ba ne, takarda haka ta nuna. Na nemi rasit ɗin fitarwa na rasa, na riga na yar. Na biya haraji, na biya kuɗin ajiya, na biya motar da ta hauro da su. Ranar da na yanke salatif na buɗe kwalin, wani wari ya buge ni, fatar duk ta yi hunhuna fari-fari da kore-kore kamar burodin da aka manta a leda, zaren ɗinkin ya yi baƙi, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe ta bushe a haka. Fatar da aka jeme a busasshiyar iskarmu ba ta jure laimar Duwala na wata biyu. Maigadin layinmu na ba, shi ma sai da ya shanya su mako guda.

Doka ba ta ce a biya haraji a kan kayanka da suka dawo ba. Dokar duwan ta CEMAC ta yarda kayan ƙasa da suka fita suka dawo su shigo ba haraji, amma kai za ka kawo shaidar cewa su ne suka fita. Zan dawo kan wannan.

Inda jakar za ta iya zuwa

Abin da zan fara yi da ni ne kai, in yi mata tayin ragi. Ka ce ta riƙe jakar ka mayar mata da yuro 25 ko 30, ka gaya mata warin na jimar gargajiya ne, in ta rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa zai ragu cikin 'yan makonni. Yuro 30 sefa 19,700 ne. Cire shi da 18,000 daga 52,500, saura kusan 14,800 kafin kamashon masu kasuwa. Riba ta rame amma uwar kuɗi tana nan. A abin da na gani, mai ƙorafin wari ko launi yakan karɓi ragi, don shi ma ƙyuyar naɗe kaya da zuwa gidan waya yake yi. Mai ƙorafin girman takalmi ba ya karɓa, me zai yi da takalmin da bai shige shi ba? Sai dai ka sani tayi ne. In ta ce a'a, kada ka ja, kada ka yi ta ƙara yuro biyar-biyar kamar kuna cinikin rago. Bature yana ɗaukar wannan a matsayin raini, kuma taurarin shagonka za su biya.

In ta ƙi, hanyar da ta fi kowace ita ce adireshi a Turai. Ɗan'uwa, ɗalibi, abokin da ke aiki a Paris ko Marsel ko Beljiyam, wanda zai karɓi koli ya ajiye. Ƙunshin kilo ɗaya daga gari zuwa gari a cikin Faransa bai cika wuce yuro 10 ba, babu duwan a tsakani, kwana biyu ko uku ya isa. Ko a kanka kuɗin suka faɗa, da sauƙi. Kuma ga daɗinsa: jakar ta riga ta shiga Turai, an biya mata TVA, ta sha iska wari ya fita. Ka sake sa ta a shago ka rubuta cewa daga Faransa za a aiko, kwana uku. Irin waɗannan sun fi saurin tafiya, don abin da ke korar masu saye daga wurinmu shi ne jiran mako biyu ko uku. Ni yanzu akwai ɗan yayata da ke riƙe mini kwali ɗaya a ƙarƙashin gadonsa, kuma kayan kwalin nan ba sa wata biyu.

Shawara ɗaya a nan: ka yanka masa ladansa a kan kowane ƙunshi tun ranar farko, ko ya ce ba ya so. Aikin zumunci da ba lada, na farko da murna ake yi, na biyar sai ka kira waya ba a ɗauka. Ka kuma tuna ɗalibi yana sauya ɗaki, ka riƙa tambayar adireshi kafin ka ba mai saye. Sannan karɓar koli daban, buɗe shago da sunan mutum daban. Da yake PayPal ɗin Kamaru na biya ne ba na karɓa ba, Etsy kuma ba ta buɗe wa sabon mai shago daga nan, da yawa suna buɗewa da sunan ɗan'uwa da ke can. Wanda sunansa ke kan shago shi ne mai sayarwa a idon hukuma, shi masu haraji za su nema, shi za a bi in an yi rigima. In za ku yi haka, ya san abin da ya ɗauka.

In ba ka da kowa a can, kuma kayan ba su kai su biya wa kansu hanya ba, ka mayar da kuɗi ka bar su. Da ciwo, na sani. Ni nakan nemi hoto tukuna, kuma in mutum ya yi mini haka sau biyu ba na sake sayar masa. Akwai 'yan cuwa-cuwa da suka gane 'yan kasuwar Afirka ba sa iya karɓar kaya, sai su yi ƙorafin ƙarya su ci bulus. Ba su da yawa kamar yadda muke zato, amma suna nan. Maganinsu shaida: ɗauki bidiyon kaya kana naɗewa, adana rasit mai nuna nauyi, kada ka aika komai ba lambar bin sawu.

Ko wace hanya ka bi, ta cikin kasuwar za ka mayar da kuɗin, ba ta Western Union ko wata hanyar gefe ba. Dalili biyu ne. In ka biya a gefe, masu kasuwa ba su gani ba, tana iya shigar da ƙorafi a sake cire maka. Na biyu TVA. Tun 1 ga Yulin 2021 Turai ta soke rangwamen da take yi wa ƙananan kaya na ƙasa da yuro 22, kowane ƙunshi yana biya, kuma a kayan da ba su wuce yuro 150 ba yawanci kasuwar ce ke karɓa lokacin saye, a Faransa kashi 20. In ka mayar ta cikin kasuwar, su za su mayar mata da wannan, kai ba ruwanka. In kuwa a bakin ƙofa ta biya wa mai kawo saƙo, kuɗin ba su taɓa shiga hannunka ba, can za ta nema.

Idan dole ne kaya su dawo gida

Wani lokaci sai sun dawo, kamar babbar riga mai aikin hannu ko shimfiɗar fata ta sefa dubu ɗari uku. A nan takarda ce komai, kuma kai za ka koya wa mai saye yadda zai cika ta, kada ka bar shi da hankalinsa. A takardar duwan ta gidan waya, CN22 ta ƙananan kaya ko CN23 ta manya, akwai gurbin da aka rubuta "Retour de marchandise". Nan zai sa alama, ba kyauta ba, ba sayarwa ba. Ya rubuta cewa kayan ƙirar Kamaru ne. Ya sa kwafin faktir ɗinka na farko, wato takardar ciniki, da lambar bin sawun fitarwa a cikin 'yar ledar da ake mannawa a bayan kwali, wani kwafin kuma a ciki. Ya rubuta lambar wayarka da 237 a gaba da manyan baƙaƙe, don mu nan lambar waya ita ce adireshi. In ta gidan waya ne ka ba da lambar akwati, in ta kamfanin gaggawa ne akwati ba ya yi, suna da unguwa da waya suke so. Kai kuma ka riƙe rasit ɗin fitarwa da hoton takardar da ka cika ranar aikawa. Ni yanzu kowane ƙunshi yana da ambulan ɗinsa, ba na yarwa sai ya shekara. Da ka ga lambar ta nuna kaya sun sauka, ka tashi tsaye a ranar, kuɗin ajiya kullum ƙaruwa suke.

Kada ka ce ya rage kuɗin kaya a takarda don haraji ya yi sauƙi. In kolin ya ɓace, abin da aka rubuta shi za a biya, kuma in kuɗin ya saɓa wa faktir ɗin da kake nunawa a matsayin shaida, kai ka rushe shaidarka.

Akwai wata dawowar da ba mai saye ne ya aiko ba: kolin da ba a je an karɓa ba. Gidan wayar Faransa kwana 15 yake ajiyewa, daga nan ya juya da shi. A takardar aika koli akwai inda ake tambayarka me za a yi in ba a samu mai shi ba, a dawo da shi ko a bar shi. Yawancinmu ba ma karantawa muke sa hannu. In kayan masu araha ne, zaɓi a bar su. A kamfanonin gaggawa ma kuɗin juyowa a kan mai aikawa suke faɗawa. Wannan ya ƙaru da masu sayen Amurka tun ƙarshen watan Agustan 2025, da aka dakatar da rangwamen da ake yi wa kayan ƙasa da dala 800. Mutum ya saba kaya su zo masa ba haraji, yau an ce ya biya a ƙofa, sai ya ce a mayar. Ka rubuta a shago ƙarara wa zai biya haraji.

Wasu kayan kuma ba sa dawowa ko kana so. Jakar fatar kada ko mesa ko guza, irin waɗanda ake gani a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa, suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare namun daji, sai da takardar izini suke ƙetare iyaka, fita da dawowa duka. In aka kama su ba izini, ƙwacewa ake yi, kuɗin mai saye kuma ka mayar. Ni ba na taɓa su. Kilishi ma haka, Turai ba ta yarda nama ya shiga ta ƙunshi daga ƙasashenmu, lalata shi ake yi. 'Yan'uwanmu na Injamena masu sayar da garin shebe da man gashi su dokar ta ɗan sassauta musu: abin da aka liƙe don tsabta, in mai saye ya ɓalle liƙin, ba shi da ikon fasawa. Amma sai in akwai liƙin, ba leda da aka ƙulle da hannu ba. Haka kayan da aka yi wa mutum musamman, aka ɗinka da awonsa ko aka buga sunansa a fata, ba sa cikin dokar kwana 14, in dai ba aibi.

Na kusa da gida ba su da wannan dogon zance. Mai saye a Injamena, ka ba direba kaya a Kusiri ya haye gadar Ngeli, kuɗinmu ɗaya. Na Yola ko Kano da kuka yi ciniki ta WhatsApp, abu ɗaya za ku ƙulla tun farko: in za a mayar, da sefa ko da naira? Waɗanda ba su yi haka ba sun ji a jikinsu a 2023 da naira ta faɗi.

Iyakar aikina ƙananan kayan hannu ne, ƙunshi ɗaya zuwa goma. Mai loda kwantena lissafinsa daban ne, tiranzite da lauya yake bukata, ba ni ba.

Gyaran shago kuwa, na mako ɗaya ne. Goge "ba a mayarwa", rubuta kwana 14, kuɗin hanya na mai saye in ra'ayi ya sauya, naka in kuskurenka ne. Rubuta cewa fatar jimar gargajiya ce da bagaruwa, tana da ƙamshinta, launi yana ɗan bambanta daga jaka zuwa jaka. Ɗauki hoto a inuwa da safe, ba cikin ranar Marwa ta azahar ba, ita ce ta haska maka jan nan har ya zama wani abu daban, kuma kada ka bar waya ta ƙara masa kyau. Shanya kaya mako biyu kafin ka naɗe, ka sa su a takarda ba leda ba, leda tana kulle wari ya taru. Takalmi ka rubuta tsawon tafinsa da santimita, don 42 ɗin badukunmu ba lallai ya zama 42 ɗin Italiya ba. Sannan a kowane ciniki ka ware wani abu. Ni ɗaya cikin ashirin na kuɗin kaya nake jefawa a asusu daban, na riga na sa shi cikin farashi, in irin wannan saƙo ya zo daga nan nake biya ba daga kuɗin cefane ba.

Ita kuma matar, kada ta kwana ba amsa. Ta cikin akwatin saƙon kasuwar za ka rubuta, a taƙaice, ba tare da kare kai ba. Ka gode mata, ka ba ta haƙuri, ka ce warin na jimar hannu ne kuma laifinka ne da ba ka faɗa ba. Ka ba ta zaɓi biyu: ta riƙe jakar ka mayar da yuro 30 yau, ko ta aika zuwa adireshin da za ka ba ta a Faransa ka mayar da yuro 115 da zarar ta turo lambar bin sawu. Kafin ka danna aikawa, ka kira wanda zai karɓa ɗin ka tabbatar yana gari, kuma sunansa yana jikin akwatin wasiƙun gidan, don masu raba saƙo a can in ba su ga suna ba juyawa suke yi da kaya.